Yadda ake ciyar da tsoho a ƙasar Sin ba tare da an taɓa masa zuciya ba

Yawancin tsofaffin da na sani a arewacin ƙasar Sin ba yawan ci ne ke kayar da su ba. Abin da ke cin ƙarfinsu a hankali shi ne kwano ɗaya da ake maimaitawa safe da yamma: kunun gero ko na shinkafa, burodin da aka turara, da ɗan ganyen da aka jiƙa a gishiri. Ciki ya cika, amma tsoka ba ta samu komai ba, gishiri kuwa ya wuce kima. Saboda haka dabarar da nake bi guda ce: a fara da ƙara wa kwanon abin da babu a cikinsa, sannan daga baya a zo kan abin da za a rage.

Ina aure a Yinchuan, babban birnin Ningxia, cikin dangin Hui Musulmi, kuma girkin surukata, wadda nake kira Ma, da ta haura tamanin, a hannuna yake. Ma'aunan da zan kawo daga kundin ƙa'idojin cin abinci na Ƙungiyar Masana Abinci ta ƙasar Sin suke. An fara fitar da shi a 1989, kuma bugun 2022 ya ware babi na 'yan shekara 65 zuwa 79, da wani daban na waɗanda suka kai 80. Ba ƙaramin al'amari ba ne a nan, domin ƙidayar 2020 ta nuna mutum miliyan 264 ne suka kai shekara 60.

Ki fara da ido

Kafin ki canja komai, ki yi mako guda kina rubuta abin da ya shiga bakin tsohuwar, ba abin da aka ajiye a tebur ba. Bambancin yana da girma. A teburin Sinawa kowa daga faranti ɗaya yake ɗiba, kuma tsohuwa ta ƙware wajen tura nama gaban jikoki ta ɗauki ganye da romo. Sai a tashi kowa na ganin ta ci.

Kundin ya ce a ci nau'in abinci 12 a rana, 25 a mako, ban da mai da kayan ɗanɗano. Ki ƙirga nata. Sau da yawa ba ya wuce biyar ko shida. Wani dogon bincike da Jami'ar Peking ta fara a 1998, wanda ke bin tsofaffi a larduna fiye da ashirin har da masu shekara ɗari, ya nuna cewa masu cin abinci kala-kala sun fi daɗewa a raye fiye da masu maimaita abu biyu ko uku.

Ki kuma san da wa kike magana. Duk wanda ya haura saba'in a yau ya ga babbar yunwar 1959 zuwa 1961 yana yaro ko matashi, ya kuma girma a zamanin da sai da tikiti ake sayen hatsi, mai da nama. A wurinsa ƙwai na mai jego ne da marar lafiya, zubar da abinci kuwa laifi ne babba. Idan kika shigo masa da "likita ya hana", kin rasa shi tun daga ƙofa.

Karin kumallo shi ne wurin yaƙin

Kunun safe yana da matsayi a zuciyar tsofaffin nan. Sun yi imani yana lallashin ciki, kuma ban taɓa ƙoƙarin raba Ma da shi ba. Matsalarsa ita ce kusan duk ruwa ne da sitaci. Kwano guda ba ya ba da furotin fiye da giram 2 ko 3, kuma farin kunun shinkafa da ya dahu luguf yana saurin ɗaga suga a jini. A 2020 wani sanannen likita a Shanghai, Zhang Wenhong, ya ce a riƙa ba yara madara da ƙwai da safe maimakon kunu, aka yi ta ce-ce-ku-ce a faɗin ƙasar. A kan yara ya yi magana, amma a ganina tsofaffi sun fi kowa buƙatar jin ta.

Ga lissafin. Tsoho na buƙatar furotin giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Mace mai kilo 55 kenan tana neman giram 55 zuwa 66. Ƙwai ɗaya yana ba da 6 zuwa 7. Madara mililita 300 tana ba da kamar 9. Liang ɗaya na jan nama ko kifi, wato giram 50 a ma'aunin kasuwar nan, yana ba da 9 zuwa 10. Awara mai tauri giram 100 ita ma kusan haka. Hatsin rana yana cike wani ɓangare, amma ba ya kai wa shi kaɗai. Kuma kada a tara komai a abincin dare. Jikin tsoho ya fi amfana idan an raba shi sau uku.

Abin da nake yi da safe ba shi da wuya. Na rage girman kwanon kunun, na zuba masa jan wake, alkamar oat da kabewa tun a tukunya. Kusa da shi kuma akwai turararren ƙwai, wanda suke kira jidan geng. Ki fasa ƙwai ɗaya ko biyu, ki kaɗa, ki zuba ruwan ɗumi ninki ɗaya da rabi na yawan ƙwan, ki tace kumfar, ki rufe kwanon da faranti, ki ɗora a madambaci a wuta marar ƙarfi na minti goma. Zai fito sumul yana rawa, ba ya buƙatar haƙori ko ɗaya. Ɗigon man riɗi da yankakken lawashi sun ishe shi. Kada a cire gwaiduwa. Kundin da kansa ya ce ƙwai ɗaya a rana da gwaiduwarsa, sai fa in likita ya ce wani abu daban.

Madara ta fi ba da wahala. Kundin yana so tsoho ya sha mililita 300 zuwa 400 a rana, amma Sinawa da yawa cikinsu ba ya narkar da sugan da ke cikin madara, sai kumburi da gudawa. Wanda ya taɓa shan wannan wahalar ba ya son ya ƙara. Ki fara da rabin kofi, mai ɗumi, bayan an ci wani abu, ba a kan yunwa ba. In har yanzu ciki na ƙugi, ki koma kindirmo marar suga ko madarar da aka cire wa wannan sugan, akwai ta a manyan kantuna. Madarar waken suya da ake sha da safe a ko'ina tana da furotin mai kyau, sai dai kalsiyam ɗinta kaɗan ne, don haka ba ta maye gurbin ta shanu wajen ƙashi.

Nama ake ci, ba romo kaɗai ba

Ranar da na fara sa mata yankan naman rago a kwano, Ma ta mayar da shi faranti ta ce, "Tsohuwa me za ta yi da nama? Amfanin ai yana cikin romo, ki ba yaran." Na ce, "Ma, romon naki ne, naman ma naki ne. Ga na yara can na ware." Sai da ta leƙa ta ga kwanonsu da idonta sannan ta ci. Tun daga nan nake zuba mata nata a ƙaramin faranti daban, kuma nakan fara nuna mata rabon jikoki.

Wannan imani da romo ya game ƙasar, ya ma fi ƙarfi a Guangdong inda ake barin tukunya a wuta awa uku ko huɗu. Gaskiyar ita ce kusan duk furotin yana nan cikin tsokar naman komai daɗewar dahuwa. Abin da ke fita cikin ruwan shi ne kitse, gishiri, da sinadarin da ke tayar wa masu ciwon gaɓɓai na gawut ciwonsu. Farin romon ƙashi ma kitse ne ya sa shi fari, kalsiyam ɗinsa bai taka kara ya karya ba. A sha romo don daɗi, rabin kwano, bayan an ci abin taunawa. In aka fara da shi ciki zai cika.

Ma'aunin nama, kifi da ƙwai gaba ɗaya ga tsoho giram 120 zuwa 150 ne a rana. A nan Ningxia rago da saniya sun fi yawa, kifi kuwa ba kowane gida ba, ko da yake ga Rawayen Kogi a gefenmu. Ina ƙoƙarin kifi ya hau tebur sau biyu a mako, turararre da citta da lawashi. Ki zaɓi marar ƙananan ƙayoyi, ki kuma tsince shi da hannunki kafin ya isa gabanta. Naman da ya yi tauri a niƙa shi a yi ƙwallaye, ko a cusa a jiaozi, wato ƙananan ƙunshin kwaɓin fulawa da ake dafawa, tare da kabeji da karas.

Akwai karin maganar da tsofaffin nan ke ji da ita, cewa ramar tsufa ta fi zinariya dubu. Ni ban yarda da ita ba, kundin ma bai yarda ba. Ya sa ma'aunin da ke gwada nauyi da tsayi, wato BMI, na tsoho tsakanin 20 da 26.9, sama da na matasa, saboda wanda ke da ɗan jiki ya fi jure ciwo da kwanciyar asibiti. Ki ajiye sikeli, a hau sau biyu a wata. Ki kuma auna kaurin sha-raɓa da tef ɗin tela: ƙasa da santimita 33 ga mace ko 34 ga namiji alama ce tsoka na zaizayewa. Wani gwajin shi ne ta tashi daga kujera ta zauna sau biyar ba tare da dafa komai ba. In ya ɗauke ta daƙiƙa 12 ko fiye, a gaya wa likita.

Gishiri

Nan ne aka fi buƙatar haƙuri. Ƙa'ida ita ce ƙasa da giram 5 a rana. Rahoton gwamnati na 2020 ya nuna gishirin girki kaɗai ya haura giram 9 ga kowane mutum, kuma arewa ta fi kudu ci. Shanyewar ɓarin jiki tana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe mutane a ƙasar, hawan jini kuwa shi ne babbar ƙofarta. Ga shi harshen tsoho ya dushe, abin da ke da gishiri a bakinki shi lami yake ji.

Abu mafi sauƙi da za ki yi shi ne canja gishirin kansa. A 2021 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 600 na larduna biyar na arewa, Hebei, Liaoning, Shanxi, Shaanxi da Ningxia tamu. Mutum kusan 21,000 ne, galibi tsofaffi masu hawan jini ko waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki. Rabin ƙauyukan aka ba su gishirin da kashi 25 cikin 100 nasa fotasiyam ne. Bayan kimanin shekara biyar, shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a cikinsu, mutuwa kuma da kashi 12. Wannan gishirin yana kan kanta ɗaya da na kullum, sunansa dina yan, kuma a girki da wuya a ji bambanci. Amma ki ji wannan da kyau: mai ciwon ƙoda, ko mai shan maganin da ke riƙe fotasiyam a jiki, ba ya amfani da shi sai da izinin likita. Ba a sa irin waɗannan mutane a gwajin ba. Ki ɗauki kwalayen magungunanta ki kai a duba kafin ki saya.

Sai kuma ragewa. Akwai ƙaramin cokalin roba mai ɗaukar giram 2, irin wanda hukumomin Beijing suka taɓa rabawa gida-gida. Da safe nakan auna gishirin gidan na yini a ƙaramin kofi, in ya ƙare ya ƙare. Kada ki yanke rabi a dare ɗaya, za a gane, a kuma ajiye cokali. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni, harshe zai bi. Ki zuba gishirin a ƙarshen girki don ya zauna a saman abincin inda harshe zai same shi. Ruwan khal irin na Shanxi, tafarnuwa, citta, tumatir, busasshiyar laimar kwaɗi da soyayyen riɗi suna rufe giɓin.

Gishirin ɓoye ya fi na cokali yawa. Cokali biyu ƙanana na jiangyou, baƙin ruwan waken suya da ake zubawa a kusan kowane girki, sun haura giram ɗaya da rabi na gishiri. Busasshiyar taliyar leda da gishirinta take zuwa, don haka ba a shanye ruwan da aka dafa ta. Ga ƙwan agwagwa mai gishiri, ga zhacai na garin Fuling, wato karan wani ganye da ake jiƙawa a gishiri, ga kabejin da ake tsumawa a randa domin hunturu. Ban hana Ma nata ba. Ina ɗauraye shi da ruwa, in yanka ƙanana, in sa mata cokali ɗaya a ɗan faranti mai kyau maimakon a ajiye kwalbar a tebur. Ku da ke kudu ku kula da busasshen kifi mai gishiri irin na Guangdong. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar bayan hanci.

Man girki ma haka. Ƙa'ida giram 25 zuwa 30 ce, gidaje kuwa suna shan sama da 40. Youxiang da sanzi, soyayyun fulawar da Hui ke yi, na ranar salla ne da ranar sadaka, a bar su a nan.

Ganye, 'ya'yan itace da hatsi

Kayan lambu giram 300 zuwa 500 ake nema, wato kusan rabin kilo, abin da ake kira jin ɗaya a kasuwar nan, rabinsu masu duhun launi kamar alayyahu, karas da burokoli. Wannan ba ya wahala, Sinawa masu cin ganye ne. A dai yanka ƙanana, a dafa ya yi laushi ba tare da ya mutu ba.

'Ya'yan itace ne ake gudu. Tsofaffi na cewa suna da sanyi, suna ɓata ciki. Wani bincike da ya bi manya rabin miliyan a yankuna goma na ƙasar ya gano kashi 18 cikin 100 ne kawai ke cin su kullum, kuma waɗannan haɗarin mutuwarsu ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini ya yi ƙasa da kimanin kashi 40 idan aka gwada da waɗanda ba sa ci. Ba na gardama da maganar sanyin. Ba na sa nata a firji, lemo kuma nakan jiƙa shi a ruwan ɗumi kafin in ɓare. Tuffa da fiya a yanka a ɗan turara su. Giram 200 a rana ya isa farawa, tsakanin abinci da abinci.

Game da hatsi, layin tsaunukan Qinling da kogin Huai ya raba ƙasar biyu, arewa alkama, kudu shinkafa, kuma duka biyun farare ake ci yanzu. Ki haɗa kashi ɗaya cikin uku ko huɗu da gero, masara, oat ko wake, ki jiƙa tun dare don su yi laushi. Kada a cika, cikin tsoho ba ya ɗaukar dusa da yawa. Bugun 2022 ya yaba wa tsarin cin mutanen Zhejiang, Shanghai, Jiangsu, Fujian da Guangdong: ganye da yawa, kifi, awara, girki marar nauyi, gishiri kaɗan. Ba sai kin mayar da tsohuwar arewa 'yar birnin Hangzhou na Zhejiang ba. Taliyarta tana nan, kawai a rage taliyar a ƙara abin da ke kanta.

Shayi da sauran ƙananan abubuwa

Ana son tsoho ya sha ruwa lita ɗaya da rabi zuwa 1.7, kuma ƙishirwa ba ta cika damunsa ba, sai an tuna masa. Filas ɗin ruwan ɗumi kusa da kujerarta ya fi tuni da baki. Shayin Hui mai kayan haɗi takwas, da jar magarya da 'ya'yan gouqi na Zhongning da riɗi, abin alfahari ne a gidan nan. Dunƙulen sugan da ake jefawa ciki kawai na rage, magaryar ma tana da zaƙinta. Sai zafi: a 2016 hukumar binciken ciwon daji ta ce abin sha da ya haura digiri 65 yana iya jawo kansar maƙoshi, cutar da ta yi ƙaurin suna a Linzhou ta Henan da yankin Chaoshan. A bar kofi ya huce na 'yan mintuna, kunu ma haka.

Ragowar abinci ba a cin nasara a kanta da magana. Ki dafa kaɗan, musamman ganye, don kada ya kwana. Abin da ya rage na nama a sa a firji da wuri, a tafasa shi sosai kafin a ci.

Za ki ga masu tallan magungunan ƙarin lafiya suna tara tsofaffi a ɗakin taro, su raba musu ƙwai kyauta, su sayar musu da kwalaben dubban yuan. Abin yana ƙona min rai, domin kuɗin kwalba ɗaya zai sayi madarar watanni. Duk abin da za a ƙara, ko bitamin D ko kalsiyam ko garin furotin, ya fito daga bakin likita.

Kada ta ci ita kaɗai. Kundin ya sa cin abinci tare cikin shawarwarinsa ga tsofaffi, kuma na gani da idona, ranar da jikoki ke tebur kwanonta yakan ƙare. Ki ba ta aiki a girkin, ko tsinke ganye ko naɗe jiaozi. Wanda ya sa hannu ya fi jin ci. Idan kowa na wurin aiki da rana, ki nemi kantin cin abincin tsofaffi na unguwa. Birane da yawa suna da su da rangwame, a yankunan Hui kuma akwai na halal. Bayan cin abinci a ɗan taka zuwa dandali, a samu rana a jiki, domin furotin ba ya zama tsoka sai an motsa ta.

Ki lura da baki. Haƙoran roba da suka yi sako-sako su kaɗai suna iya raba tsoho da nama, a kai a gyara. Idan tana yawan ƙwarewa da ruwa, ko muryarta na canjawa bayan haɗiya, wannan ba na gida ba ne, na asibiti ne. Kafin nan ta ci a zaune tsaf, a hankali, ba ta kwanta nan take.

Duk wanda ya kai 65 yana da gwajin lafiya kyauta sau ɗaya a shekara a cibiyar lafiya ta unguwa, har da awon suga da na ƙoda. Ki raka ta, ki tafi da takardar nauyinta da jerin abin da take ci. Mu nakan yi ƙoƙari mu je kafin azumi, saboda Ma ba ta yarda ta sha azumi, kuma likita ne zai ce ko za ta iya, ya kuma gyara mata lokutan magani. In ya amince, sahur ɗinta ƙwai ne da kindirmo da ɗan nama, ganyen gishirin nan kuwa ba ya hawa tebur sai bayan salla, don shi ke jawo mata ƙishirwar rana.